Gangar da Ta Taho da Baƙi

Shekara goma sha ɗaya Sieni Tuimavave ta yi tana buɗe kwantenonin mutane a wani sito da ke bayan filin jirgin sama na Mangere, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa jin tausayin ƙwaro ba. In kwantena ta baro tashar jiragen ruwan Auckland aka sauke ta a kan simintin siton, ba mai taɓa ƙofarta sai Sieni ta zagaye ta da tocila, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashi, ta duba duk lungun da ƙasa ko iri ke maƙalewa. Ta ga tururuwa, ta ga gizo-gizo, ta ga dodon koɗi mai girman dunƙulen hannu. Ta taɓa tarar da ƙadangare a cikin tayar mota, ya sha sati uku a teku, yana kallonta kamar ita ce baƙuwar. Ƙa'idar ɗaya ce, an rubuta ta da manyan baƙaƙe a bangon siton: in ka ga mai rai, rufe ƙofa, ka kira hukuma.

Direbobin tirela suna kiranta 'Yar Sanda, don in ta tsare kwantena sai su wuni a mota suna tsaki. Ita ko a jikinta. Ƙasar ce haka, arzikinta a gona yake, gidajenta na katako ne, baƙon ƙwaro in ya samu wurin zama ya isa ya sa gunduma guda kuka. Sieni tana son aikinta, tana kuma gode wa Allah da shi. Shi ya yi wa 'ya'yanta makaranta, shi ya ba ta halin ɗauko mahaifiyarta daga ƙasarsu Samoa bayan rasuwar mahaifinsu.

Wata Alhamis da hantsi aka kawo kwantenar da ta yi wata biyu tana jira. Kayan mutane da yawa ne a ciki, amma a bakin ƙofa akwai wani akwatin katako mai tsawon mutum a kwance, da sunan cocinsu a jiki. Gangar babanta ce a ciki.

Irin gangar nan ce da mutanen Samoa suke kira lali, gungumen itace guda da ake fafe cikinsa, ba fata, a riƙa dukansa da sanduna biyu masu kauri. Lafaele, mahaifinsu, shi ya sassaƙa ta shekara arba'in da suka wuce, shi kuma ya yi ta kaɗa ta kowace Lahadi yana kiran ƙauye zuwa coci, har ƙarfinsa ya ƙare. Bayan ya rasu, samarin ƙauyen suka rataya tsohuwar tukunyar gas a bishiya suna bugawa da ƙarfe, wai ita ta fi ƙara. Sai dattawa suka ce tunda 'ya'yan Lafaele sun gina sabon coci a Mangere, a aika musu da gangar ubansu. Saura kwana goma a buɗe cocin.

Amma ba don bikin cocin Sieni ta ƙagu ba, don Inna ce. Shekarun Inna Siniva tamanin da huɗu, kuma hankalinta ya fara zuwa yana komawa. Wata rana ta kira Sieni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, wata rana ta tambaya ko an ɗaure kwalekwale. Abu ɗaya ne bai taɓa ɓace mata ba tun ranar da aka gaya mata. Kullum da safe, kafin ta kurɓi shayi, sai ta ce, "Gangar ta iso?" Likita kuwa ya riga ya ja Sieni gefe ya ce duk abin da ake son yi wa tsohuwa, a yi mata shi bana.

Takardun kayan lafiya lau suke. An yi wa akwatin hayaƙin kashe ƙwari a Apia, babban birnin Samoa, ga takardar shaida, ga hatimi. Sieni ta sa aka jawo shi bakin ƙofa, zuciyarta fari ƙal. Sai idonta ya sauka a kan murfin. Kusa da kowace ƙusa akwai wani ɗan rami, tsohon gurbin wata ƙusar. An buɗe akwatin nan bayan an rufe shi.

Ta ɓalle murfin, ƙamshin gida ya buge ta: busasshen ganyen ayaba, man kwakwa, hayaƙin murhu. An naɗe gangar da ganyen ayaba kamar jaririya, an cusa ƙullin koko, irin na yin cakulan, guda shida a cikinta, ga tabarma, ga wasiƙa. Ta kowane gefe kuma an tokare ta da guntayen wani tsohon itace don kada ta yi birgima a teku. Sieni ta gane itacen. Ginshiƙin rumfar da Baba yake sassaƙa a ƙarƙashinta ne.

Ba sai ta buɗe wasiƙar ba, ta san aikin Goggo Tausala ne, ƙanwar babansu. A wurin mutanensu ba a aika kaya tsirara. Ko allura za ka tura wa ɗan'uwa a ƙetare sai ka haɗa da tsaraba, in ba haka ba a ce ba ka da tarbiyya. Akwatin ya kwana biyu a gidan wani ɗan'uwa a Apia kafin ranar lodi, Goggo ta leƙa ta wata kafa ta ga gangar yayanta kwance ita kaɗai kamar marainiya, ta ce ba a zuri'arsu ba.

Sieni ta haska tocila ƙarƙashin gangar. Ga wani ɗan tsibi nan kamar an zubar da yashi mai laushi. Ta san shi, kashin gara ne. Ta zaro guntun itace ɗaya ta ƙwanƙwasa da bayan tocila, sai ya burme. Ga su nan farare, ƙanana, suna ta kai da kawo.

Ba kowa a wurin. Mai motar ɗaga kaya ya tafi shan shayi. Tsintsiya tana jingine a bango, buhun shara yana gefenta. Minti biyar ya ishe ta ta kwashe guntayen, ta share, ta fesa magani, ta mayar da murfi. Takarda tana nan da hatiminta, wa zai sani? Ta kuma san abin da ke biyo baya in ta yi kira. Ta sha ganin kujerun kakannin mutane an kai su wuta, ta sha ganin kaya an juya da su inda suka fito. Ta ɗora hannu a bakin gangar, daidai inda sandunan Baba suka cinye itacen har ya yi sumul, ta yi kuka, ta yi shi sosai, ba sauti. Har ta kai hannu ta taɓa tsintsiyar. Sai rufin sabon cocin ya faɗo mata a rai, katako tsantsa daga wannan bango zuwa wancan, da gidajen layinsu, da gidan da Inna ke kwana a ciki. Ta mayar da murfin, ta naɗe akwatin da leda ta liƙe, ta rufe ƙofar kwantena, ta kira hukuma. Sannan ta kira yayanta Penaia, kiran da ya fi yi mata nauyi.

Penaia kafinta ne, shi ne shugaban kwamitin ginin cocin, kuma mutum ne mai saurin hawa. Ya riga jami'ar hukumar isowa, da ƙurar katako a gashinsa.

"Ke kika kira su?" ya ce, ko gaisawa ba su yi ba.

"Ni ce, Yaya."

"Da bakinki? Ba wanda ya sa ki?"

"Aikina ne."

"Aikinki! To sannu, 'Yar Sanda. Yau dai kin kama babanki. Sai a ƙara miki girma."

"Yaya, gara ce fa. Mai rai. Da idona na gan ta."

"Gara! Mu da muka tashi da gara a ƙauye, wa ta cinye a cikinmu? 'Yan ƙwari huɗu da za ki murtsuke da babban yatsa! Ke tun kina ƙarama haka kike, in aka tsinko mangwaron Fasto ke ce mai kai rahoto. To gobe da safe in Inna ta tambaya, ke za ki ba ta amsa, ba ni ba."

Wannan maganar ta soke ta, don ta san haka ɗin ne.

Jami'ar da ta zo sunanta Hinewai Tautari, 'yar ƙabilar Maori ce, 'yan asalin ƙasar, doguwa, ba ta da hayaniya, sun sha aiki tare da Sieni. Ta sa safar hannu, ta ɗebi garar a kwalba. Amma kafin ta taɓa gangar kanta sai da ta juya ta nemi izinin Penaia. Wannan ya ɗan rage masa zafi, ko da yake bai bari an gani ba. Ta auna kawunan gangar biyu, inda ba a fafe ba, ta shafa jikin itacen ta dubi yatsunta.

"Anti Sieni, Kawu, ba zan ɓoye muku ba," ta ce. "Ganyen nan da guntayen itacen da tabarmar da kokon, wuta za su. Wannan ba ja. Gangar ita ce magana. Ta yi kusan sati uku kwance da gara, ba mai iya rantsewa ba su shige ta ba."

"To a sake yi mata hayaƙin mana," in ji Penaia.

"Da zai yi, da ni zan fara faɗa. Dubi kaurin kawunan nan, kowanne ya fi taƙi guda. Ga shekara arba'in ana shafa mata man kwakwa. Hayaƙi ba ya ratsa irin wannan. Hanya uku ce. A mayar da ita Samoa, ko a ƙone ta, ko a sa ta a ɗakin zafi har zafin ya kai tsakiyar itacen."

"Zafi? Tsohon itace irin wannan? Ai tsagewa za ta yi! Ganga kuma in ta tsage ta zama itacen girki."

"Tana iya tsagewa, Kawu. Ba zan yi maka alkawarin da ba a hannuna yake ba. Amma akwai wani tsoho a unguwar Otahuhu, in da mai iyawa a garin nan to shi ne. Bari in kira shi da kaina."

Ba su daɗe suna shawara ba. Mayarwa Samoa da sake dawowa aikin watanni ne, kuma dukansu biyu sun san Inna ba ta da watannin nan na zubarwa. Penaia ya ce a kai ta ɗakin zafin, ya faɗa yana kallon bango, ya shiga motarsa ya tafi bai yi wa ƙanwarsa sallama ba.

Da yamma, kafin ta shiga gida, Sieni ta kira Goggo Tausala daga cikin mota.

"Goggo, ke kika buɗe akwatin nan?"

"Wa zai buɗe in ba ni ba? Kun ga kokon? Ƙulli biyu na Fasto ne, kar Penaia ya haɗiye duka."

"Goggo, an riga an yi masa magani an buga hatimi fa!"

"Ai na sani, 'yar nan. Shi ya sa na jira sai da suka gama, don kada maganin ya taɓa abincin. Ni mahaukaciya ce?"

Sieni ta riƙe waya, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta tuna tsohuwar nan da ciwon gwiwa ta hau jirgin fito daga tsibirinsu na Savai'i har Apia da ƙullin koko a ka. Ba ta gaya mata zancen wutar ba. Ta ce, "Mun gode, Goggo. Allah ya bar zumunci," kuma har zuciyarta ta faɗa.

Washegari Juma'a aka kai akwatin Otahuhu a naɗe cikin leda, Hinewai tana biye a motarta. Sunan tsohon Des Kilgour, siriri, ya haura saba'in, gajeren wando ne a jikinsa komai sanyin gari. Filinsa cike yake da tsofaffin kwantenoni da ya mayar tanda, inda yake gasa katakon lodi da tsofaffin motocin da ake shigowa da su. Ya zagaye gangar sau biyu, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya kara kunne.

"Wa ya sassaƙa wannan?"

"Babanmu," in ji Penaia, wanda ya zo fuska a ɗaure.

"Ya san itace." Des ya miƙe yana dafa ƙugu. "To ku ji. Yadda nake gasa katakon lodi, awa shida na gama. In na yi wa wannan haka, a buhu biyu za ku kwashe ta. Sai dai a lallaɓa ta. In riƙa ɗaga zafin kaɗan-kaɗan, ina ba ta tururi kada ta bushe, sannan in bar ta ta huce da kanta. Kwana uku."

"Baba Des, gobe Asabar fa," in ji Sieni. "Ai ba kwa buɗewa."

"Kifin da zan je kamawa shekara saba'in yana guduna, kwana biyu ba za su dame shi ba. Matata ma hutu ta samu, ta ce firjinta ya ishe ta da ƙarni." Ya sosa ƙeya. "Amma da saura. Hukuma ba ruwanta da zafin ɗaki, zafin tsakiyar itace take son gani a takarda. Ko ba haka ba, 'yata?"

Hinewai ta gyaɗa kai.

"Don haka dole a huda rami inda ya fi kauri, in zura ƙarfen awo. Kaurin fensir kawai."

"Ba mai huda gangar babana," in ji Penaia.

"Ni ma hannuna ba ya so," Des ya ce. Ya ɗauko injin hudawa ya miƙa masa. "Shi ya sa kai za ka huda. Na ga hannunka, kafinta ne kai."

Penaia ya daɗe yana kallon injin kafin ya karɓa. Suka juya gangar a kan taya. Ya durƙusa, ya zaɓi wuri a ƙasan kai ɗaya inda ido ba ya kaiwa, ya motsa baki da wata gajerar addu'a, ya kunna. Da fari itacen ya yi gardama, jan gari yana fitowa a hankali. Can sai bakin injin ya zurma gaba ɗaya, kamar an huda kabewa. Penaia ya kashe injin ya zaro. Kashin gara ya biyo ramin yana zuba, shuu, ya taru a kan siminti. A jikin ƙarfen kuma ga su nan farare, wasu a murtsuke, ɗaya tana motsi.

Hinewai ta durƙusa da madubin ƙara girma ta duba.

"Waɗannan ba baƙin sati uku ba ne," ta ce. "Gidan nan ya yi shekaru a ciki. Hayaƙin Apia ko kusa da su bai je ba."

"Da an kai ta coci a haka," in ji Des, "ina ba ta shekara biyar, wata Lahadi a doke ta sanda ta shige ciki. Kafin nan ma sun yi fiffike sun hau rufi."

Penaia ya koma ya zauna a kan tarin katako. Rufin cocin nan shi ya ɗora shi, shi da mazan cocin, Asabar bayan Asabar har shekara biyu. Ya yi ta kallon tafin hannunsa. Irinsa ba su iya cewa a yi haƙuri ba, bakinsu bai saba ba.

"Sieni."

"Na'am, Yaya."

"Kin ci abinci yau?"

"Ban ci ba."

"Ni ma haka." Ya share fuska da bakin riga. "Da jiya kin share su kin yi shiru…"

"Na kusa, Yaya. Har tsintsiyar na taɓa."

"To Allah ya yi miki albarka da ba ki ɗauka ba. Na faɗi magana jiya, ki zubar da ita."

"Na zubar tun jiyan," ta ce, ko da yake ba gaskiya ba ne, sai a lokacin ta zube. Sannan wani tunani ya zo mata har ta yi murmushi. "Ka san wani abu? Ba don Goggo ta buɗe akwatin nan ba, takarda tsaf, ƙusoshi tsaf, da kallo ɗaya zan yi masa in sallame shi."

Penaia ya zaro ido. "Wato har Goggo sai mun yi wa godiya?"

"Sai mun yi."

"To kar ki kuskura ki gaya mata dalili. In ta ji, duk akwatin da ya bi ta Apia sai ta buɗe shi."

Aka tura gangar ɗakin zafi da sandunanta biyu, Des ya zura ƙarfen awo, ya jera bahon ruwa a gefe, ya rufe ƙofa.

Ranar Asabar da safe Inna ta ajiye kofin shayi ta ce, "Gangar ta iso?"

"Ta iso, Inna. Tana wurin mai magani."

"Me ya same ta?"

"Ƙwari ne suka shige ta. Ana yi mata gashi."

Inna ta juya maganar a ranta. "To me kike yi a nan? Ki kai wa mai maganin abinci mana. Ba a barin mai jinya da yunwa."

Haka kuwa aka yi. Sieni ta dafa gwaza da madarar kwakwa da kifi ta kai Otahuhu. Ta tarar da Des zaune a kujerar roba a gindin kwantenar, da ɗan littafi a cinya, kowace awa yana duba ma'auni yana rubutawa. Filin ba kowa sai shi da tsuntsayen teku. Ranar Lahadi ma bayan an tashi daga coci ta koma, ta same shi a wurin, kamar an dasa shi. Tana zaune sai wani sauti ya fito daga cikin kwantenar, ƙas! Ta zabura ta dafe ƙirji.

"Zauna, zauna," in ji Des, baki cike da gwaza. "Miƙa take yi. Ke ma in an gasa ki kwana biyu za ki yi ƙara."

"Baba Des, in ta tsage fa?"

"In ta tsage zan gaya miki da bakina, ba zan bari ki gani da ido kawai ba. Amma ba ta tsage ba tukuna. Akwai ƙarin miyar nan?"

Ta zuba masa. Tana kallon tsohon nan da bai san babanta ba, bai san ƙauyensu ba, bai taɓa jin an kaɗa lali ba, ya bar hutunsa yana gadin itacen wasu. Ta nemi kalmar godiyar da za ta ishe shi ta rasa, sai ta ƙara masa kifi.

Ranar Litinin da la'asar filin Des ya cika da mutane. Sieni mutum huɗu ta gaya wa, amma labari a cocinsu ƙafa gare shi. Fasto Malaki ya zo, mata sun zo da tukwane, maza sun zo da motar ɗaukar kaya. Inna ma ta kafe sai an zo da ita, aka turo ta a keken marasa lafiya da bargo a cinya, tana ta gyangyaɗi.

Des ya buɗe ƙofa. Ƙamshin man kwakwa mai ɗumi ya fito ya cika filin. Aka jawo gangar, ta yi duhu, tana ƙyalli. Kafin kowa ya matsa, Des ya kira Sieni da Penaia ya nuna musu kai ɗaya na gangar da yatsa. Wata 'yar tsaga ce siririya kamar gashi, tsawon yatsa.

"Na ce zan faɗa da bakina," ya ce. "Na yi iya yina. Wannan ta fi ƙarfina."

Penaia ya bi tsagar da farce. Ba mai iya sanin abin da ta yi wa muryar gangar sai an doka.

Hinewai ta karɓi takardar ma'aunin zafi ta karanta layi-layi, ba ta tsallake ko ɗaya ba, duk da idon mutum talatin a kanta. Ta leƙa ramin da tocila, ta bubbuga, ta duba abin da ya zubo. Sannan ta sa hannu, ta buga hatimi. Matan coci suka yi caa, nan take suka shimfiɗa mata wata lallausar tabarma ta girmamawa a gabanta.

"Iyayena, ba zan iya karɓa ba," ta ce. "Aiki ya hana."

"Wane irin aiki ne wannan da ba a yi masa godiya?" in ji matar Fasto. "To abinci fa? Shi ma an hana ku ci?"

"Na riga na sa hannu, Mama. Yanzu ni baƙuwa ce kawai mai jin yunwa."

"Yauwa! A zuba wa yarinyar nan, ku dubi wuyanta."

Tabarmar sai aka yafa wa Des a kafaɗa. Ya tsaya da gajeren wandonsa da tabarma har ƙasa, kunnuwansa sun yi ja, Fasto yana jero masa godiya da sunan ƙauye da na coci da na gidan Tuimavave. Sieni ta kama hannunsa da hannu biyu. "Baba Des, Allah ya saka maka. Ba ni da abin da zan ce."

"Ku doka mu ji tukuna," ya ce. "Kar ku yi godiyar banza."

Penaia ya fere ɗan itace ya toshe ramin da ya huda. Aka ɗora gangar a kan tayoyi biyu. Ya ɗauki sandunan, ya tsaya a inda babansu yake tsayawa, ya ɗaga hannu, sai ya kasa saukewa.

Ya doka.

Sautin ya fito mai zurfi, cikakke, ya bi tsakanin kwantenoni ya dawo. Ba rawar tsaga a cikinsa ko kaɗan. Penaia ya sake dokawa, ya ƙara, hannuwansa suka tuna kiɗan kiran coci da kansu, biyu a hankali, uku da sauri. Tsuntsayen teku suka tashi. Ma'aikatan filin maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Inna ta ɗago kai. Ta gyara zama, ta miƙe baya. Ta shafa gashinta, ta lalubi cinyarta, ta duba hagu da dama. Sannan ta yi magana da wata murya mai kaifi da 'ya'yanta suka yi shekara biyu ba su ji ba.

"Sieni! Ina farar hulata? Ku yi sauri mana, kullum mu ne na ƙarshe! Je ki gaya wa babanku ya isa haka, mun ji. Ga mu nan zuwa."

Sieni ta durƙusa a gaban keken, ta gyara mata bargo, hawaye suna ɗiga a kan hannun tsohuwar.

"To, Inna," ta ce. "Zan gaya masa. Bari dai ya ɗan ƙara."